Wata takwas ina buga wasiƙun ofis da LibreOffice Writer

"Malama, ita wannan lambar wayar me ta zo yi a tsakiyar shafi?"

Tambayar da oga ya yi mini ke nan, yana riƙe da shafi na biyu na wasiƙar da na kai masa ya sa hannu. Na karɓa na duba. Adireshin ofis da lambar waya da imel, waɗanda mazauninsu gindin shafin farko ne, sun sulale sun koma shafi na biyu, sun yi tsaye ƙarƙashin wurin sa hannu kamar baƙon da ya ɓata hanya. Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu zan gyara." Abin da ban faɗa masa ba shi ne na riga na buga kwafi 36, a kan takarda mai kauri da ba mu da ita da yawa.

Laifin ba na kwamfuta ba ne, ba kuma na firinta ba. Samfurin letahed ɗin da muke aiki da shi, wato shiryayyen fayil mai tambari da adireshin ofis da muke rubuta wasiƙa a kai, wani mai zane ne ya haɗa mana, kuma a ido ba shi da makusa: tambari shuɗi a sama, siririn layi a ƙasansa, adireshi a gindi. Kyan ɗan maciji ne. Da na kunna alamomin sakin layi, waɗanda ke fito da duk abin da ke ɓoye a shafi, sai na ga ɓarnar. Mutumin bai taɓa heda ba, wato keɓaɓɓen filin kan shafi, bai taɓa futa ba, wato na gindin shafi. Tambarin a cikin jikin wasiƙa ya liƙa shi, adireshin kuma ya tura shi ƙasa ta hanyar danna Enter, na ƙirga, sau 23. Duk layin da ka ƙara a wasiƙa sai ka goge Enter ɗaya don adireshin ya tsaya a inda yake. Shekara biyu ina wannan aikin da hannu, ina ɗauka haka letahed yake. Ranar da na yi sauri na manta, ga sakamakon.

A makon ne na yanke shawarar gina nawa daga tushe, kuma ya zo daidai da an kawo mini kwamfutar da LibreOffice ke kanta. Shekara 11 na yi ina rubuta wasiƙu da Microsoft Word, hannuna ya saba da shi kamar yadda ya saba da ƙofar ɗakina, don haka da gunaguni na buɗe Writer. Yau wata takwas ke nan, kuma ina ganin na san shi iya yadda zan faɗi albarkacin bakina, a kan wannan aikin kaɗai: kan shafi, gindin shafi, da fitar da wasiƙa a takarda.

Ga wanda bai san shi ba, LibreOffice tarin manhajojin ofis ne da ake saukewa kyauta. Wata gidauniya mai suna The Document Foundation ce ke kula da shi. A 2010 ya ɓalle daga OpenOffice, ya fito a karon farko a farkon 2011. Writer shi ne ɓangarensa na rubutu, takwaran Word. Fayil ɗinsa na asali .odt ne, samfurinsa kuma .ott, amma yana buɗe .docx yana kuma adanawa a cikinsa. Sunayen maɓallan zan bar su yadda suke a allo, don mai nema ya same su.

Abin da ya fi ba ni wahala a kwanakin farko, shi ne daga baya ya zama abin da na fi so. Word da Writer ba su kallon shafi da ido ɗaya. A wurin Word, takarda doguwar igiya ce da ake yankawa sashe-sashe, kowane sashe da hedarsa da futarsa. In kana son shafin farko ya bambanta, sai ka latsa sama sau biyu ka sa alama a "Different First Page". In kana son wani canji a gaba, sai ka yanka sabon sashe, ka tuna ka kashe "Link to Previous", in ba haka ba abin da ka gyara a nan ya bi ka har baya. Shi kuwa Writer, shafi a wurinsa yana da salo, kamar yadda sakin layi ke da salo. Ka danna F11, ka shiga jerin salon shafi, za ka tarar da "First Page" da "Default Page Style" da sauransu. Kowane salo yana ɗauke da kayansa gaba ɗaya: girman takarda, tazarar gefe, heda, futa, har da tiren firintar da za a ɗauko takarda daga ciki. Sannan kowanne ana gaya masa salon da zai biyo bayansa. "First Page" ya riga ya san cewa in ya cika, "Default Page Style" ne zai karɓa.

Letahed kuwa, in ka duba, wannan ne gaba ɗayansa. Shafin farko mai tambari da adireshi, sauran shafuka marasa hayaniya. Na latsa "First Page" sau biyu, na kunna heda da futa a cikinsa, na zuba abin da zan zuba. Daga ranar, ko wasiƙa ta yi layi biyar ko ta yi shafi bakwai, adireshin bai ƙara motsawa ba. Akwai gajeriyar hanya ma, wadda ta yi kama da ta Word: a cikin salo ɗaya ka cire alamar "Same content on first page", wadda aka ƙara tun fitowar 4.0 a 2013. Ta wadatar ga wasiƙa mai sauƙi. Ni dai ban bi ta ba, saboda salo biyu daban suna ba ni damar bai wa shafin farko tazararsa da tirensa na kansa, kuma nan gaba za ku ga amfanin hakan.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Na ɗauko lambobin da na haddace a Word na zuba a Writer: sama santimita 5, don in bar wa tambari wuri. Na buga gwaji. Tambarin ya sauko kusan kashi ɗaya cikin shida na takardar, samansa fili fetal, ita kuma wasiƙar ta fara can ƙasa kamar mai jin kunya. Na sake dubawa, lambar daidai take. Na kusa rantsewa manhajar ce ta rikice, ashe ni ce ban san ma'aunin gidan ba.

Ga yadda abin yake. A Word, tazarar sama tana nufin nisan da ke tsakanin bakin takarda da jikin rubutu, heda kuma a cikin wannan filin take zaune, da nata ma'aunin daban na nisa daga baki. Shi ya sa sabon shafi ke zuwa da tazarar inci 1, wato santimita 2.54, heda kuma tana farawa daga kusan rabin wannan. A Writer kuwa, tazarar sama nisa ce daga bakin takarda zuwa saman heda. Heda daga filin rubutu take cin nata rabon. Saboda haka lissafin jikin wasiƙa sai ka tara abu uku: tazarar sama, tsawon heda, da ratar da ke tsakanin heda da rubutu. Da na gane, sai na sa sama 1.5, tsawon heda 3, rata 0.5, jimla 5. Na buga, na ɗora rula, ga shi cif. Haka gindin shafi yake, a juye. Duk wanda ya taso daga Word zai yi tuntuɓe a nan sau ɗaya, kuma da a ce an rubuta gargaɗin a jikin akwatin ma'aunin da ya rage mini takarda huɗu. Amma bayan na saba, sai na ga lissafin ya fi kwanta mini, don ina ganin kowane yanki da lambarsa.

Cikin hedar, tebur na saka mai gida biyu, na ɓoye layukansa: tambari a hagu, sunan ofis a dama. Ban yarda da tura rubutu da sandar tazara ba, na ga abin da Enter 23 ta yi mini. Hoton tambarin na ɗaure shi a sakin layin da ke cikin hedar, don ya zama ɗan gida, ba mai yawo a shafi ba. A nan ma na koyi wani abu da ba ruwansa da manhaja. Tambarin da ke shafinmu na intanet, wanda na fara ɗaukowa, faɗinsa ɗigo 150 ne kacal. A allo tas yake, a takarda kuwa gefensa ya fito kamar haƙoran zarto. Bugu mai kyau yana son kimanin ɗigo 300 a kowane inci, ma'ana tambari mai faɗin santimita 3 yana bukatar ɗigo 354 ko fiye. Mafi kyau a samo shi a tsarin SVG, wanda zane ne na layuka ba na ɗigo-ɗigo ba, ko ka ja shi ya cika bango ba ya dusashewa. Writer yana karɓar SVG ba gardama, sababbin fitowar Word ma haka.

Shafi na biyu ban wahalar da shi ba. Sunan ofis da ƙananan haruffa a sama, a gindi kuma "Shafi 2 daga 3", lambobin biyu duk gurabe ne masu sabunta kansu, ana samunsu a Insert, ƙarƙashin Field. Don in ga shafin in gyara shi sai da na karya shafi na wucin gadi, na gama na goge. Abin da na sa yana nan a cikin salon, yana jiran ranar da wasiƙa za ta yi tsawo.

Kwanan wata ne ɗan hakin da ka raina. Akwai gurbin da ke nuna kwanan yau a duk ranar da aka buɗe fayil, kuma yana da daɗi a samfuri, har sai ranar da ka buɗe wasiƙar bara don ka tabbatar da yaushe aka aika ta, ka tarar tana ɗauke da kwanan yau. Tsohon samfurinmu irinsa ke ciki, kuma akwai wasiƙun da sai a littafin aike na gano ranarsu. Abin da ya dace shi ne gurbin ranar ƙirƙirar takarda. A Word sunansa CREATEDATE, a Writer yana cikin bayanan takarda a akwatin gurabe. Ko kuma mutum ya rubuta kwanan da hannunsa, ba a taɓa kama kowa da laifin haka ba.

Da na gama sai na adana shi a matsayin samfuri, ta File, Templates, "Save as Template". Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa. A ofisoshi da yawa abin da ake kira samfuri tsohuwar wasiƙa ce kawai, a buɗe, a goge, a rubuta sabuwa a kai, wata rana a manta a danne ta asali, ko a bar sunan wani a wasiƙar wani. Samfuri na gaskiya, .ott ko .dotx na Word, in ka buɗe shi sabuwar takarda marar suna yake ba ka, shi yana nan yadda yake. Ctrl da Shift da N suna kawo mini jerin samfurana, in zaɓa, in fara rubutu.

To, sai bugu, inda ake yin ta.

Abu na farko da na gano game da tsohon samfurin, bayan Enter ɗin nan, shi ne girmansa ba na takardarmu ba ne. A kan Letter aka gina shi, takardar Amurka da Kanada, mai milimita 215.9 a faɗi da 279.4 a tsawo. Mu kuwa A4 ke cikin firinta, 210 da 297, ma'aunin da ya samo asali daga Jamus a 1922 kafin ya zama na duniya a 1975. Bambancin a baki ba yawa: A4 ta fi tsawo da milimita 17.6, ta fi siranta da 5.9. A takarda kuwa shi ne dalilin da ya sa adireshinmu kullum yake rataye sama da inda ya kamata, gefen dama kuma ya fi na hagu matsewa. Shekara biyu ina ganin wasiƙunmu sun ɗan karkace ina zargin idona. Mai sauke samfuri daga intanet ya fara duba wannan kafin ya duba kyan launi, don da yawansu a kan Letter aka yi su. Kuma canza girman kaɗai ba ya isa, sai an bi teburori da layukan ado an daidaita faɗinsu.

Na biyu, yawancin firintocin ofis ba sa bugu har bakin takarda. Masu aiki da tona, wato garin tawada, sukan bar kimanin milimita 4 zuwa 5 a kowane gefe, wasu masu tawada kuma, musamman tsofaffi, sukan bar fiye da santimita guda a gindi, inda suke riƙe takardar. Futa ce ke fara shan wuƙar. Na so in yi wa letahed ɗinmu shuɗin zare da zai ratsa gindin takarda daga baki zuwa baki, a allo ya yi kyau ƙwarai, a takarda ya fito da farin gibi hagu da dama. Ba saitin da zai gyara wannan. Maɗaba'a ma a kan babbar takarda take bugawa sannan ta yanke. Na haƙura, na janye zaren ya tsaya daidai da gefen rubutu, futar kuma na ɗaga ta santimita 1.5 daga baki.

Inda Writer ya biya ni ladan wahalata shi ne wajen bugaggiyar takarda. Muna da letahed da maɗaba'a ta buga mana, mai tambari a jiki, wanda ake ajiyewa don manyan wasiƙu; sauran kuma PDF muke aikawa, wanda dole tambarin ya kasance a cikin fayil. Da, fayil biyu nake riƙewa, in gyara wannan in manta wancan. Yanzu salon shafin farko biyu ne a samfuri ɗaya. Ɗaya mai tambari da adireshi. Ɗayan heda da futarsa fanko ne, amma tsawonsu daidai da filin da maɗaba'a ta cinye: na auna da rula, santimita 4.8 a sama, 2.6 a gindi. A cikin wannan salo na biyun na zaɓi tire na 2, inda bugaggiyar takarda take, salon sauran shafuka kuma tire na 1 mai farar takarda. In latsa salo sau biyu, wasiƙar ta sauya riga, rubutunta bai gusa ba. Word ma yana raba tire tsakanin shafin farko da sauran, a akwatin saitin takarda, kuma yana yi da kyau. Abin da ya fi mini a Writer shi ne sauyawar nan ta latsawa ɗaya.

Akwai wata dabarar da ake yawan bayarwa, wai a cire alamar buga hotuna a akwatin bugu don tambari ya ɓace. Tana aiki, amma ba tambari kaɗai take ɗaukewa ba, duk wani hoto da ke cikin wasiƙar tafiya yake yi, adireshin da ke futa kuma yana nan daram, ya hau kan wanda maɗaba'a ta buga. Ban ba kowa shawararta ba.

Kafin in saka takarda mai tsada, farar takarda nake bugawa, in ɗora ta a kan letahed ɗin, in ɗaga su biyun wajen taga. Haske yana nuna ko layin farko ya taɓa tambari. Sanin fuskar da za a kifa takarda a tire kuwa, fensir ne maganinsa: na zana kibiya a farar takarda, na rubuta "sama", na saka, na buga, na ga inda rubutu ya faɗa. A tamu, fuska ƙasa, kai yana kallona. Na rubuta haka a ƴar takarda na manna a jikin tiren. Da aka kunna bugun gaba da baya sai lissafin ya juye, na ƙara layi na biyu a ƴar takardar. Wani abin lura ga mai ba da aikin letahed a maɗaba'a: ya faɗa musu cewa a firinta mai tona za a saka. Tana narkar da tona da zafin da ke kusan digiri 200, kuma rubutun nan mai tudu da ake ji da yatsa yana iya narkewa ya ɓata takarda da na'urar tare.

PDF ɗin Writer ban taɓa samun matsala da shi ba, maɓalli ɗaya ne, kuma yana tafiya da haruffansa a ciki. Sai dai mai bugawa ya zaɓi ainihin girma, kashi 100, kada ya bar shi a kan "daidaita da shafi", don wannan yakan ɗan tsuke komai, kuma a kan bugaggiyar takarda ɗan tsukewar nan ya isa ya kai rubutu cikin tambari.

Inda nake komawa Word har yanzu shi ne wasiƙar da za ta je hannun wani ya gyara ta dawo. Tunda ɗaya da sashe yake tunani ɗayan da salon shafi, duk lokacin da fayil ya ƙetara daga .odt zuwa .docx fassara ake yi, kuma fassara ba ta rasa ɗan saura. Letahed mai sauƙi, tebur da tambari da layi biyu a futa, yana ƙetarewa lafiya. Mai salon shafi uku da akwatunan rubutu masu shawagi kuwa, sai an buɗe an duba. Ga kuma batun haruffa. Calibri, wanda ya zama harafin Word na asali daga 2007 kafin Aptos ya karɓe shi, ba ya zuwa tare da LibreOffice. Akwai Carlito da aka yi daidai da faɗinsa, kamar yadda Liberation Sans ya yi daidai da Arial, Liberation Serif kuma da Times New Roman, don haka layuka ba sa gocewa in an musanya su. Amma in mai zane ya zaɓo wani harafi na ƙawa da babu shi a kwamfutar mai karɓa, kowace manhaja ce za ta sa wanda ta samu, adireshi mai layi ɗaya ya zama biyu, futa ta kumbura ta ture layin ƙarshe na wasiƙa zuwa sabon shafi. Kuma kafin ka amince da kowane harafi, rubuta ƙ da ɗ da ɓ ka gani. Da yawa daga masu kyan nan ba su da su, sai ka ga harafi ɗaya a tsakiyar kalma ya fito da wata kama daban, an aro shi daga wani gida.

Saboda haka ga wanda aikinsa ya rubuta, ya buga, ko ya aika PDF, ina ba shi shawarar Writer ba tare da jan numfashi ba, ya dai ware yini guda don salon shafi ya zauna masa a kai. Ga ofishin da kowa ke kan Word kuma fayil ke yawo hannu-hannu, a gina samfurin a Word ɗin, a adana shi .dotx, a huta. Ni ina da duka biyun, na gina kowanne a gidansa maimakon in juya ɗaya ya zama ɗayan, kuma awa guda ta ishe ni na biyun tunda ma'aunan suna rubuce.

Kwafi 36 ɗin nan ban zubar ba. Na yanka su gida huɗu, bayansu nake rubuta saƙon waya. Jiya oga ya ɗauki ɗaya a teburina zai rubuta wata lamba, ya juya, ya ga rabin adireshinmu a tsakiyar fili, ya dube ni ta saman tabarau. Na ce, "Tsohon ne, ranka ya daɗe." Ya ce to, ya rubuta lambarsa ya wuce.